Mai Yankan Dutsen Sama Yana Neman Aikinsa

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Kwamitin Guraben Aiki da Labaran 'Yan Ƙungiya,
Ƙungiyar Masu Binciken Duniyoyin Sama,
Hawa na huɗu, inda tagogi suke.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa irin wadda na ƙasa ke miƙa wa na sama, da fatan kana lafiya, kai da kwamiti da na'urar sanyaya ofishinku, ina neman izini in gabatar da kaina, don na tabbata ba ka san ni ba. Ba laifinka ba ne. Mutumin da sana'arsa ita ce hangen abin da ke can ƙarshen sama, ba a ganin baƙinsa in bai lura da wanda ke ƙarƙashin matakala ba.

Ni ne mai yankan duwatsu a ɗakin ƙasa na sashenmu a jami'a, shekara ashirin da uku ke nan. Idan dutse ya faɗo daga sama aka tsinto shi, wurina ake kawowa. In yanki ɓalli da zarto, in manna shi da gam a jikin gilashi, in yi ta gogawa da garin gogewa har ya fi gashin kai siranta, haske ya riƙa ratsa shi. Sannan malamai su sa shi a madubin ƙara girma su gaya wa duniya abin da ya faru kafin a yi duniya. Ɗalibai na ce mini Baba Zarto, ni kuma ina amsawa.

Kowace Talata ina karanta Wasiƙar Mako da kuke aiko mana, daga gaisuwar edita har zuwa lambar shafi. Talatar da ta wuce, a shafi na huɗu, na ga tallar wani gurbin aiki. Na karanta ina jinjina kai, ina cewa a raina, Allah ya haɗa su da wannan gwani, don ni ban taɓa ganin irinsa ba. Sai da na kai layin ƙarshe na ga lambar ɗakin da gwanin zai zauna. Ranka ya daɗe, ɗakina ne. Ashe tallafin da ƙungiyarku ta ba sashenmu ya zo da sharaɗin a ɗaga darajar kujerata, kuma an ɗaga ta sosai, har ta fi ƙarfin mai zama a kanta. In ban samu sabon gurbin ba, ƙarshen wata zan miƙa makulli.

Da na kai labari gida, mai ɗakina ta ajiye ɗinkin da ke hannunta ta ce, "To, Malam, kai da kake cewa ba a san da kai ba? Ga shi har an buga ka a jarida, sunan kawai aka manta." Ita ce ta ce in rubuto maka, wai in daina yi wa tukwanenta lacca. Ga koke-kokena, cikin ladabi.

1. Sunan aikin. Kun kira shi Babban Jami'in Kula da Sarrafa Samfuran Sararin Samaniya. Na gode ƙwarai. Na gwada faɗinsa a numfashi ɗaya ban iya ba. A ƙarƙashinsa kun ce jami'in zai "jagoranci rarraba samfura cikin tsanaki", wato yanka. Zai "tabbatar da nagartar muhallin bincike", wato goge tebur. Zai "ƙarfafa gwiwar masu tasowa", wato ya hana ɗalibai sa yatsa a bakin zarto. Duk ina yi, ranka ya daɗe, ban dai san haka sunansu yake ba. Da na sani, da tuni na sayi kwat.

2. Sharuɗɗan. Kuna neman wanda bai wuce shekara talatin da biyu ba, mai digirin dakta, mai gogewar shekara ashirin a yankan dutsen sama. Ni ba gwanin lissafi ba ne, amma na ɗebe ashirin daga talatin da biyu. Wace uwa ce ta ba ɗan shekara goma sha biyu zarto da dutsen sama ta ce je ka yi wasa? Sai na tuna da wa nake magana, na ce watakila ba da shekarun ƙasa kuke aiki ba. A littattafan da malamai ke mantawa a teburina na karanta cewa shekarar duniyar Mercury kwana tamanin da takwas ce, to gogewar ba za ta yi wa matashi wuya ba. Haka kuma shekarar duniyar Mars ta kusa ninka tamu. In da ita kuke ƙirga haihuwa, ni mai hamsin da huɗu ban cika ashirin da tara ba, kuma ina roƙo a rubuta ni cikin matasa. Gwiwoyina ne kawai ba za su sa hannu a wannan lissafi ba.

3. Fom ɗin. Farfesa, shugaban sashenmu, mutumin kirki ne. Ya sauko har ɗakin ƙasa, abin da rabonsa da yi tun ranar da bututu ya fashe, ya dafa kafaɗata ya ce, "Baba Zarto, kai dai cika fom. Ka'ida ce kawai. Wa zai taɓa ka?" Na zauna gaban kwamfuta na cika. Akwati na farko suna, na sa. Na biyu ranar haihuwa, na sa ta ƙasa, don gaskiya. Na uku ya ce in zaɓi shekarar da na samu digirin dakta. Ranar wanka ba a ɓoye cibi: ba ni da shi. Takardar makarantar koyon sana'a gare ni, sai abin da idona da yatsuna suka haddace. Na nemi inda zan rubuta haka, babu. Na danna "ci gaba", akwatin ya yi ja. Na sake dannawa, ya ƙara ja, kamar na zagi iyayensa.

Ranka ya daɗe, mai gadi na mutum ana yi masa sannu da aiki, a yi masa bayani, ya leƙa ciki ya tambayo. Wannan mai gadi da kuka ajiye ba shi da kunne, ba ya zuwa cin abinci, ba shi da ƙanin da aka taɓa yi wa alheri. Da na koma wurin Farfesa, ya daɗe yana kallon jan akwatin ta saman tabarau, sannan ya ce, "Ikon Allah. To wa ya sa wannan?" Daga baya na ji cewa yana cikin waɗanda suka zauna aka tsara shi. Na yi masa uzuri. Mutum mai tunanin zoben wata duniya ba ya riƙe ƙananan abubuwa.

4. Shafin labaran 'yan ƙungiya. A nan ba ƙorafi nake ba, sha'awa nake. Na ga kun taya wata motar bincike murnar cika shekara goma tana yawo a wata duniya, har da hotonta. Na ga ta'aziyyar wata motar da ƙura ta rufe ta daina magana, kuma na shaida a sashenmu an yi jimami na gaske, har wata malama ta kasa koyarwa. Ni ma na ji ba daɗi, marainiya ce a ƙasar da ba ta da kowa. Amma ina tambaya: sai mutum ya yi ƙafafun taya kafin ya zama ɗan ƙungiya? A ƙarshen takardun bincike, inda ake godiya, ana gode wa masu ba da tallafi, da masu gyaran rubutu, da wani da ya yi tambaya mai kyau a taro, sannan a ce "da ma'aikatan fasaha". Ni ne ma'aikatan fasaha. Ni kaɗai ne, amma an girmama ni da jam'i.

Kada in yi butulci, na taɓa fitowa a shafinku sau ɗaya. Shekarar da aka sayo sabon injin gogewa, kun buga hotonsa, kuma a gefen hagu akwai gwiwar hannu cikin farar riga. Tawa ce. Mai ɗakina ta yanke hoton ta sa a firam, yana nan a falo kusa da agogo. In baƙi suka zo takan nuna ta ce, "Ga Malam nan a bakin aiki."

5. Wannan ya fi sauran nauyi, don ba ni kaɗai ya shafa ba. Akwai wata Dakta a sashenmu, masaniyar duwatsun Mars, wadda a hannuna ta koyi riƙe gilashi tun tana ɗaliba. Ta ba ni izinin ba da labarin da ke tafe, ta ce in sa har da ihun. Wata rana, shekara tara da suka wuce, ta shigo da gudu tana cewa, "Baba, ruwa! Na ga alamar ruwa a cikin dutsen!" Na leƙa madubi na ga tsatsa ja ta bi jijiyoyin dutsen, kyakkyawa da ita. Na ce, "Gaskiyarki, 'yata, ruwa ne. Na famfon can ne." Ashe ta wanke ɓallin a famfo don ya yi tsabta, ba ta san irin wannan dutse ba ya shiri da ruwa ba, da mai ake yanka shi, da sinadari ake wanke shi. Ta riga ta fara rubuta muku sanarwa. Muka yaga tare, na haɗa mata shayi.

Yau ta fi kowa a sashen sanin abin da dutse ke faɗa. Amma tun da ta gama karatu take bin gurabenku na shekara biyu-biyu, gari zuwa gari, wannan da ya dawo da ita sashenmu shi ne na huɗu. Kafin ta gane inda ake sayar da burodi mai kyau a unguwa, wa'adi ya cika. Littattafanta har yanzu a kwali suke, mijinta yana wani gari da ɗiyarsu, ita tana nan. A duk shafi na huɗu na bana, gurbina ne kaɗai na dindindin. Jiya ta sauko ta tsaya a bakin ƙofa tana murza yatsu, ta ce, "Baba, wallahi ba zan nema ba. Da wane ido zan kalle ka?" Na ce, "Da wanda kika ga ruwa da shi. Je ki cika fom, ke akwatin ba zai yi miki ja ba." Ta yi dariya, sannan ta yi kuka, sannan ta ce ai ita ma shekarunta sun haura da ɗaya.

To ranka ya daɗe, wa kuke nema? Kun ɗinka riga da awon mutum biyu, ta yi wa ɗaya tsawo, ta yi wa ɗaya faɗi. Mai feƙe alƙalami daban, mai rubutu daban. Ita ba ta yi karatun shekara goma don ta goge tebur ba, ni kuma ban goge tebur shekara ashirin da uku don in tare mata hanya ba.

6. Sai dutsen kansa. Dalilin tallafin naku shi ne wani ɗan dutse da aka tabbatar daga Mars ya fito, bai fi kan babban yatsa ba, yana cikin akwatin ƙarfe a ɗakina. Ranar uku ga watan gobe za a yanka shi, kuma dokarku ta ce Babban Jami'i kaɗai zai taɓa shi. Irinsa gautsi gare shi. Yanka ɗaya ake yi masa, in hannu ya yi nauyi ya zama gari. Ba a littafi ake gane lokacin sassautawa ba, a kunne ne: kukan zarto yakan sauya kaɗan, kamar muryar mai shirin yin tari. Wajen gogewa kuwa launi ake bi, sai ƙwayoyin dutsen sun bar launi mai kauri sun koma wanda ya dace, a nan ake tsayawa, shafa ɗaya a kai ta yi yawa. Dutsen nan ya yi tafiyar da ba a iya ƙirgawa, ya ratsa wuta ya sauko lafiya. Zai zama abin kunya a ce a hannunmu ya gamu da ajalinsa, saboda akwati na uku.

Buƙatata ƙarama ce. An ce kwamitinku zai zauna ranar Laraba, fom kuma zai rufe Alhamis da azahar. Ku raba rigar nan biyu: ku ba Dakta karatun dutse da kujerar da za ta kwance kwalayenta, ku bar mini zarto da tebur. Dogon sunan ku ba ta duka, ni Baba Zarto ya ishe ni. In hakan ya gagara, to ku buɗe ɗan layi a ƙarƙashin akwati na uku, inda mutum zai rubuta abin da ya iya.

Tun da kun ce a haɗo da takardar shaida, na haɗo tawa da kwafin wasiƙar da na ba masinjanku hannu da hannu. In kun buga wannan a Wasiƙar Mako, masu karantawa ba za su ga shaidar ba, sai dai su tambaye ka. Ba dutsen sama ba ne, ban taɓa fita da ko ƙurarsa ba. Tsakuwa ce na tsinta a bakin ƙofar ofishinku, wadda kake takawa kullum da safe. Na yanka ta, na goge, na manna gilashin daidai kan inda na sa hannu. Don Allah kada a wanke ta a famfo. Ka matsa kusa da tagar nan taka, ka duba. In ba ka ga komai ba, ranar ƙarshen wata zan kawo makulli da kaina, in yi maka godiya. In kuwa ka iya karanta sunana ta cikin dutse, to ranka ya daɗe, ka zama mutum na farko a ƙungiya da ya karanta shi, kuma sai ka gaya wa akwati na uku abin da ka gani.

Allah ya ƙara wa kwamiti hangen nesa, ya ɗan haɗa masa da na kusa.

Naka mai biyayya, a tsaye har sai an ce ya zauna,

Baba Zarto,
Ma'aikatan Fasaha,
Ɗakin ƙasa, hannun dama in an wuce famfo.