Ƙullun Kakar Maƙwabciyata

Maƙwabciyata a unguwar Malaz Bajamushiya ce. Da za ta tafi hutu, ta ba ni ajiyar kwalbar ƙullun burodi, wai tun zamanin kakarta suke raya shi, suna ɗiba suna ƙara masa fulawa. Tana bayani ina gyaɗa kai kawai. Ni da na girma ina tace gasara, wa zai koya min ƙullu?

Da na buɗe, tsami ya bugi hancina. Na zubar, na wanke kwalbar tas, har na cika mata da yaji.

Baiwar Allah ta dawo, ta rungume kwalbar tana hawaye. Ashe tsamin ne gadon.

Har yau in na shiga kicin, sai maigidana ya ce, "Yara, ku ɓoye daddawa, ga mamanku nan."