Kujerar Ikrima

"Lafiya ƙalau, Tsoho. Ashe ka kwana? Ni har na fara ɗinkin auren amaryata."

"Na kwana, ɗan nema. Amaryar taka ce ma ta dama mini fura da safe. Ta ce in gaishe da gajeren mijinta, in ciyawa ba ta rufe shi ba."

Malam Bubayero ya jingina sandarsa da gindin dabinon da ke bakin gareji, ya tsaya yana duban jikansa Zuhair, wanda ke zaune cikin mota ƙofa a buɗe, gumi ya jiƙe masa riga. Amaryar da suke rigima a kanta Hajiya Adawiyya ce, matar tsohon, kakar yaron. Tun Zuhair yana rarrafe suke wannan shari'a, ba a taɓa yanke ta ba.

Ba gaisuwa ce ta fito da shi ba. Ƙauri ne ya iske shi har ɗaki. Ya koyar da kanikanci a kwalejin fasaha har ya yi ritaya, kuma hancinsa bai yi ritaya ba: kuloci ne ke ƙonewa.

Motar ƙarama ce mai ƙofa biyu da giyar hannu, irin wadda ake ƙerawa don gudu. Ta Ikrima ce, ɗan farinsa, mahaifin Zuhair, wanda ciwon ƙoda ya ɗauke bara. Malam Bubayero Bafulatani ne, bai taɓa kiran sunan ɗan nan yana raye ba, bai kuma fara ba da ya rasu. Mai motar yake ce masa. Tun bayan rasuwar take lulluɓe da tamfol a gidansu na Dutse, sai watan jiya Zuhair ya yaye ta.

"Tuwon wa ka ƙona?"

"Ba tuwo ba ne, lonci ne ya ƙi. Ba za ka gane ba, a zamaninka jaki ake turawa ya tashi."

Ya gane sarai. Wata dabara ce a cikin motar: direba ya take kuloci har ƙasa, ya sa giya ta ɗaya, ya danne totur, sai kwamfutar motar ta riƙe injin a daidai wani ƙarfi, alama ta kama a allo. Yana ɗage ƙafa, mota ta fice kamar kibiya, taya ba ta ɓata lokaci tana juyi a banza ba. Ya kuma san dalilin da ake nemanta yau, don gari ba ya ɓoye irin wannan. Gobe za a kai amaryar Sagiru, abokin Zuhair, garin Kiyawa. Samari sun shirya cewa idan aka fita gari aka hau miƙaƙƙen titi, Zuhair da wani Falalu za su jera motoci a ga wanda zai bar wani.

"Ba a fafe gora ranar tafiya," in ji tsohon.

"Karen bana shi ke maganin zomon bana. Ka koma ɗaki ka ji da tazbaha."

"Karen bana ga shi nan yana haki tun hantsi, zomo bai ko tashi daga barci ba."

Bai yi niyyar taimaka masa ba. Amma tsohon malami ba ya ganin injin da ya ƙi magana ya wuce, sai ya ji bakinsa yana jero tambayoyi. Injin ya ɗau zafi? Ya ɗauka. Sitiyari a miƙe yake? A miƙe. Birkin hannu fa? An sauke. Maɓallin da ke ba ta izini? Zuhair ya ce ya danna shi har yatsansa ya yi kanta, kuma babu wata fitilar gargaɗi da ta kama. Allurar da ke nuna ƙarfin injin sai ta haura can sama, injin ya yi ta kururuwa, alamar ta ƙi fitowa. Shi kuma don haushi sai ya saki ƙafa haka nan, abin da ya jawo ƙaurin ke nan.

"Amma na samo kanta," in ji Zuhair. Ya ɗaga filaya daga kujerar gefe. Ya ce ya kira Ɗan'inna makanike a waya, ya ce masa sensar da ke ƙarƙashin kuloci, mai gaya wa mota an take shi, ita ce ta mutu. A yanke wayoyinta biyu a haɗe su, mota za ta ɗauka kullum kulocin a take yake.

Malam Bubayero ya dubi filayar. Motar da aka yi wa wannan ƙarya za ta iya tashi ko tana cikin giya, ta yi tsalle kan duk wanda ke gabanta. Me kuma za ta yi a kan titi, cikin ayarin biki, da yara a gefen hanya, wannan ko wanda ya ƙera ta ba zai rantse ba.

"Ajiye wannan. Sake yi in gani, in sami abin ba amarya labari."

Zuhair ya tayar da mota. Tsohon bai dubi allo ba. Ya dafa ƙofa, ya sunkuya, gwiwoyinsa suna ƙara, ya dubi ƙafar yaron. Da kan yatsu yake take kulocin. Bayansa ya rabu da kujera, ƙugunsa ya zamo gaba, duk da haka akwai sauran tazara kamar kaurin yatsa biyu tsakanin kulocin da ƙasa. Sensar lafiyarta ƙalau. Ba a taɓa isa gare ta ba ne.

Sai ya dubi kujerar. Tana can baya, a ƙarshen layinta, inda dogon mutum zai ajiye ta. Mai motar dogo ne, tsawon ubansa ya ɗauko. Zuhair kuwa dangin uwa ya biyo. Wata guda yana yawo da motar nan a gari yana miƙa ƙafa kamar mai tsinkar mangwaro, bai matsar da kujerar ba ko da taku ɗaya.

Malam Bubayero ya miƙe a hankali. Idan ya yi shiru, lonci ba zai taɓa kamawa ba, abin da yake roƙo ke nan tun da ya ji labarin tseren. Amma filaya tana nan, kuma yaron ba zai kwana bai yanke wayar ba. Ga wani abu da ya fi wannan: ƙafar da ba ta kai kuloci ƙasa ba, 'yar'uwarta ma ba ta kai birki. Idan kuwa ya faɗa, da hannunsa ya ɗana kibiyar.

"Ka gano, ko idon ne ya ƙi?" in ji Zuhair.

"Na gano. Motar ba ta da laifi. Direban ne aka yanke wa awo."

"Gajere ba yaro ba ne."

"Ba yaro ba ne, amma ba ya sauko da tulu daga kan raƙumi. Ka nemo turmi ka taka, ko in kira amarya ta goya ka ka isa kulocin."

"Ni da na fi ka tsawon kwana a gaba?"

"Wannan Allah ne ya sani. Na taɓa jin wani ya fi ni, na kuma bi bayan makararsa."

Zuhair ya kau da kai. Tsohon ma bai yi nufin ta fito haka ba. Ya ɗauki sandarsa, ya zagaya, ya buɗe ɗaya ƙofar, ya ture filayar ƙasa, ya zauna, ya ja bel ya ɗaura.

"Matso da kujerarka gaba."

"A haka nake jin daɗinta."

"Ƙarya kake yi, Zuhair."

Yaron ya ɗora hannu biyu a kan sitiyari, yana duban ƙofar gida da ke buɗe. Can ya ce, murya ƙasa-ƙasa, a nan Abba ya bar ta. Ranar da ya dawo daga wankin ƙoda na ƙarshe da ya iya tuƙa kansa, a nan ya ajiye ta ya fita.

"Na sani. Ni na riƙe masa ƙofa." Malam Bubayero ya gyara zaman hularsa. "Mai motar bai bar maka kujera don ka auna kanka da ita ba. Matso."

Zuhair ya sa hannu ƙarƙashin kujera ya daɗe a haka. Sannan ya ja ƙarfen. Kujerar ta yi gardama, don ta daɗe ba ta motsa ba, sai ta zamo gaba ta kama da ƙara. Ya take kuloci, aka ji ya taɓa ƙasa. Ya sa giya ta ɗaya, ya danne totur. Allurar ta haura, ta tsaya cak a tsakiya, injin yana gurnani yana dukan ƙirjin mutum. Koriyar alama ta kama a allo.

Motar tana rawa a ƙarƙashinsu. Gabansu ƙofar gida, bayanta titin unguwa. Wata yarinya ta gifta da farantin awara a kai. Babu abin da ke tsakanin motar da titin nan sai ƙafar hagu ta Zuhair.

"To ga ta nan," in ji tsohon, bai ɗaga murya ba, sai da yaron ya karkato kafin ya ji. "Gobe ma a nan za ka same ni, tun kafin a fito da amarya. Duk inda ka jera da Falalu, da ni za ka jera. In ya so a haƙa biyu, a huta da zirga-zirga."

"Sauka, Tsoho."

"Ba na sauka. Uba ya binne ɗa, na karɓa, ban ce uffan ba. Amma jika shi ke tare makarar kaka ya hana a fita da ita sai an ba shi goro. Tun kana zanen goyo nake tanadin wannan wulaƙanci. Wa zai yi mini shi in ka riga ni?"

Alamar tana nan a kunne.

Zuhair ya ɗage ƙafar dama. Gurnanin ya faɗi. Ya mayar da giya firi, ya saki kuloci a hankali, ya kashe mota. Shiru ya sauko har ana jin tantabaru a kan katanga. Ya goge fuska da hannun riga, ya daɗe yana gogewa fiye da yadda gumi ke buƙata, sannan dariya ta ƙwace masa.

"Wallahi kai mugun tsoho ne. So kake ka mutu a mota ka cuce ni goron jika."

"Da ka gane da wuri."

"Ba ka isa ba. A kan tabarma za ka mutu, ina tsaye a bakin ƙofa, ba mai fita da kai sai an ba ni saniya da amaryata."

"Saniyar dai. Amarya ta ce ba ta auren wanda sai an ɗaga shi ya hau gado."

Zuhair ya zare makullin ya ajiye masa a cinya. Ya ce shi ke nan, gobe Tsoho ne direba, ya kwashi gwaggonnin amaryar Sagiru ya bi bayan ayari yana tafiyar hawainiya, shi kuma zai hau bas da 'yan ɗaukar gara, Falalu ya yi tsere da inuwarsa. Ya sunkuya zai kama ƙarfen kujerar.

"Bari in mayar maka da ita baya, kada dogayen ƙafafun nan naka su karye a ce ni ne."

Malam Bubayero ya riƙe masa hannu.

"Bar ta inda take," ya ce. "Zan lanƙwasa su."