Mijin Ummusalma Na Son Ƙwallo

"...lahiya lau, maigida. Kai ne ko buhun gero anka sauke mani?"

Ummusalma ke nan, mai kwaɗon zogale a bakin iyakar Magama, take tarbar jikanta Mudathir. Daga mota zuwa rumfarta ba nisa, amma yaron ya iso yana haki, rungume da kwalin taliya da ubansa Lawwali, ɗan tsohuwar, ya aiko. Shi Lawwali da yunwa ya tashi a Daddara, don haka a wurinsa ƙibar ɗa ita ce shaidar arziki. Ya hana yaron gudu, ya hana shi ƙwallo, wai kada ya rame a ce ba a ba shi abinci. Abin na ci wa Mudathir rai, ya kuma san mutum ɗaya ce ke iya tanƙwara uban.

"Tsohuwa, ki gode Allah kin samu miji mai cika ido."

"Cika ido ko cika hanya? Jiya mota ukku sunka koma Maraɗi, an ce ka tare kan iyaka."

"Ƙarya! Haƙoranki sunka gani babu, sunka tsorata."

"Ni na hita auren nan. Miji ya ɗauko kwali guda yana nishi kamar saniya?"

"Wa za ya kwashe ki? Ke da ganye kike ba miji kamar akuya."

"Ganyen nan ya kai ni Ɗan Isa da ƙasa, na dawo ban zauna ba. Kai hwa?"

Dariyar Mudathir ta ɗauke. Ya sunkuyar da kai.

"An ɗebi 'yan ƙwallo a makaranta, Kaka. Ni sun ce in tsaya bakin raga, wai ko ban motsa ba na toshe ta. Kuma Baba ya ce ɗansa ba ya gudu cikin rana."

Tausayi ya kama tsohuwar, amma ba ta bari ya gani ba.

"To mi kake so, raggon miji?"

"Mata ta gari ai ita ka shigar ma mijinta faɗa."

Ummusalma ta tuntsire da dariya har da tafi.

"Ka ci ni, ja'iri!"

Ta laluba ƙarƙashin tebur ta jawo wata ƙwallo da ta ƙwace hannun wasu yara da suka zubar mata da zogale, ta cilla masa.

"Tahi ka buga har ka jiƙe. In Lawwali ya tanka, ka ce matarka ta ba ka, uwarshi kuma tana nan tahe."