Ja ya fi baƙi

Duk abin da tsufa zai sace mini, ba zan taɓa mantawa da la'asar ɗin da na zauna teburin kumandan a Madawa ba. Lokacin ina ƙaramin malamin ofis, na fito lakwal, wato makarantar boko, da Faransancina mai sheƙi, ina neman kujerar tafinta ido rufe. Sai aka rasa mutum na huɗu a kartar da Turawa ke bugawa, kumandan ya tambaye ni ko na iya. Na ce sosai ma. (Ƙarya nake. Leƙe kawai na taɓa yi ta taga.)

Karta gida huɗu ce, biyu ja, biyu baƙi. A wasan nasu kowa na kiran gidan da ya fi ƙarfi a hannunsa, kuma wani gidan na gaban wani. Likitan gari ya kira mai zuciya, ja. Ni kuwa hannuna cike da mai kan mashi, baƙi wuluk, har da sarki da sarauniya. Na ja bakina na yi gum, aka cinye mu ni da kumandan.

Ya juya katunana, ya zaro ido. "Me ya hana ka kiran wannan?"

Na miƙe tsaye, na gyara murya, na ce da Faransanci, "Ranka ya daɗe, ai ja ya fi baƙi. Haka Allah ya tsara."

Dariyar da suka yi har likita ya ƙware. Ashe mai kan mashin nan shi ne shugaban gidajen duka. Ni ma na taya su dariya, don wauta ba ta ishe ni ba.

A bakin ƙofa Kawuna Illa ke gadi, tsohon soja ɗan garin Tama, wanda ya ji Faransanci a bakin daga. Da muka fito bai dube ni ba.

"Ɗana, wa yag gaya maka hakanga? Su, ko kai kaɗ ɗauko abinka?"

Har ya rasu bai sake zancen ba, bai kuma sake sa ni karanta masa wasiƙa ba.

Kujerar tafinta kuwa na same ta a satin. Kumandan ya ce irina yake nema. Shekara tara na yi a kanta, kullum ina sane da abin da ya ba ni ita, kuma ba Faransancina ba ne.

Tun daga ranar, in ban san tsarin wasa ba, tambaya nake yi. Ko kartar Bature ba ta ajiye ni inda na ajiye kaina ba.