Yadda Ake Sauya Injin Motar Suruka a Gindin Bishiya

Idan ka bi matakan nan tiryan-tiryan, na yi maka alkawari cikin mako uku za ka mallaki inji biyu maimakon ɗaya, kuma babu wanda zai kai ka ko bakin titi a cikinsu. Ba a littafi na karanto ba. Ni Orville Tackett, shekara talatin da ɗaya na yi ina kwanciya ƙarƙashin motocin mutane a nan gabashin Kentucky, kafin gwiwoyina su ce sun gaji. Duk abin da zan koya maka a kan idona maƙwabcina Dewey Sizemore ya aikata shi, ina zaune a barandata, shinge kawai ya raba mu.

Mataki na 1: Zaɓi motar da ba a iya komai sai da ita

Kada ka ɓata basirarka a kan motar da ke ajiye tana tsatsa. Nemi wadda ran wani ya rataya a kanta.

Dewey ya iya zaɓe. Ƙaramar bas ɗin gidansu ita kaɗai ce a duk kwarinmu mai ƙarfen ɗaga keken guragu, kuma don Mama Opal aka saye ta, mahaifiyar matarsa Glenda. Shekararta tamanin da takwas, ƙugunta ya taɓa karyewa, ba a ɗaga ta da hannu. Lahadin farko na watan Yuni dangi ke haɗuwa a maƙabartarsu ta kan dutse, a share kaburbura, a sa furanni, a baje soyayyar kaza da burodin masara a ci. Tun da mijinta Hollis ya rasu, shekara goma sha tara, ba ta taɓa fashi ba. A bana ta fito daga wurin likita ta ce wa 'yarta, "Wannan zuwan shi ne na ƙarshe da zan je in dawo."

Saura kwana ashirin. Lokacin fara aiki ke nan.

Mataki na 2: Kada ka tambayi wanda ya sani

Motar za ta fara wata ƙara a gaba, ƙur-ƙur-ƙur. Buɗe bonet, ka riƙe ƙugu, ka girgiza kai kamar wanda aka yi wa rasuwa, ka ce inji ya buga.

Daga barandata na ji ƙarar nan, kuma ko a mafarki na ji ta na san famfon ruwan sanyaya inji ne. Aikin rabin yini, har da hutun shan kofi.

Glenda ta ce, "Dewey, ga Baba Orville can zaune, ka kira shi ya saurara mana."

"Wa? Wannan tsohon? Ai motocin zamaninsa da hannu ake murɗa su su tashi. Bar shi ya ji da gwiwarsa."

Ka tabbata ka faɗi haka da ƙarfi yadda tsohon zai ji. Na ji kuwa. Na gyara zama, na ƙara kofi.

Mataki na 3: Yi karatu mai zurfi

Bidiyon minti goma sha biyu a waya ya isa. Idan mai bidiyon ya zo wurin da yake cewa a yi hattara, tura gaba, surutu ne.

Sannan ka tafi filin matattun motoci ka sayo inji. Mai filin zai tambaye ka, "Na bas kake so ko na akori-kura?" Ka dube shi sheƙeƙe ka ce, "Inji ai inji ne, girmansu ɗaya." Zai karɓi dalolinka da hannu biyu, domin shi ma irinka yake addu'ar Allah Ya kawo masa kullum. Da aka sauke injin a tsakar gidan Dewey, kallo ɗaya na yi wa kaskon baƙin mansa na san na akori-kura ne, kuma ba zai zauna a cikin bas ba ko za a shekara ana lallashinsa.

Mataki na 4: Nemi bishiya da aboki

Namijin gaske ba ya hayar injin ɗaga kaya. Kakanninmu a reshen bishiya suke rataya sarƙa, kai ma haka za ka yi. In da hali ka zaɓi bishiyar da marigayi surukinka ya shuka da hannunsa, don tsohuwa ta riƙa kallo ta taga.

Aboki kuma kada ya kasance ya san komai, kada ya raina ka. Na Dewey sunansa Buck. Aikinsa riƙe gwangwanin giya da cewa, "Ja, mutumina, saura ƙiris!"

Ga wani sirri da ba sai ka sani ba: injin bas ba ta sama yake fita ba. Rabinsa a cuse yake ƙarƙashin gilashin gaba. Sai an kwance fuskar motar, an cire lagireto, a jawo shi ta gaba a hankali. Amma kai ja sama. Idan ka ji ya cije, ƙara ƙarfi.

Ƙarar fashewar gilashin har kajina sai da suka watse.

Buck ya ce, "Kai! Dama can akwai tsaga a jikinsa, ko?"

Dewey ya ce, "Tun tuni. Na ma huta da cire shi."

Mataki na 5: Zuba duk notuna a gwangwani ɗaya

Manya da ƙanana, na sama da na ƙasa. Rubuta suna a jikin wayoyin lantarki aikin marasa ƙwaƙwalwa ne. Kai za ka tuna.

Mataki na 6: Ɗora laifi a kan kamfani

Bayan kwana goma sha ɗaya tsohon injin zai fito, ka bar shi yana lilo a reshe don masu wucewa su san ana aiki a gidan. Yanzu tura sabon. Zai shiga rabi ya tsaya, kaskon man ya tokare da ƙarfen ƙasa. Kada ka yi tunanin ka sayo wanda ba shi ba. Ɗauko guduma.

Glenda za ta fito da kwanon wanki a hannu ta ce, "Saura kwana huɗu fa, Dewey."

"Na iya lissafi."

"Ka iya lissafi, ka iya inji, ka iya komai. Mota ce kawai ba ta san ka iya ba."

"Ke dai shiga ciki. Waɗanda suka ƙera ta ne ba su san aikinsu ba."

Girman kai rawanin tsiya, in ji masu magana. Naka dai ka naɗa shi da kyau, ka saki jela.

Mataki na 7: Bar matarka ta je roƙo

Ranar Juma'a da hantsi Glenda ta zo bakin shingena. Idonta ya yi ja. Na san yarinyar nan tun tana zuwa garejina in hura mata tayar keke.

"Baba Orville, don Allah. Ba don shi ba, don Mama."

Ko a ranar, da an mayar da tsohon injin an sa sabon famfo, da mun gama kafin la'asar ɗin Asabar. Iska dai za ta dame su a hanya saboda gilashi, amma za su isa.

Na ce, "'Yata, mijinki yana da baki. Ya tako nan ya ce, Orville, ban iya ba. Kalma uku. In ya faɗa, yanzu zan ɗauko akwatin sifanata."

"Ka san ba zai faɗa ba."

"To ni ma gwiwata na ciwo."

Ta tsaya tana kallona, sannan ta juya. Kai kuma a wannan mataki abin da ake so ka yi shi ne ka leƙo daga ƙarƙashin mota, ka ga daga inda matarka ta fito, ka tofar da yawu, ka koma ciki. Dewey bai kuskure ko ɗaya ba.

Mataki na 8: Ranar tafiya

Tun ƙarfe bakwai Mama Opal ta shirya. Shuɗiyar riga, hular coci, furannin da ta sa aka yanko daga bayan gida a kan cinyarta. Aka turo kekenta baranda, tana fuskantar bas ɗin da ke zaune a kan bulo huɗu baki buɗe.

Buck ya kawo akori-kurarsa. Suka gwada ɗaga ta, shi da Dewey. Ƙara ɗaya ta yi suka mayar da ita.

Dewey ya ce, "Mama, wallahi mako mai zuwa..."

"Bar shi, ɗana. Je ka wanke hannunka." Ta miƙa wa Glenda furannin. "Ki sa wa Hollis ta wajen kai. Ki ce masa ina nan tafe, mota ce ta ɓaci."

Suka tafi su uku a motar Buck. Aka bar ta da wata 'yar coci mai kula da ita, hular na kanta har azahar. Can ta ɗago murya, ba tare da ta juyo ba.

"Orville."

"Na'am, Mama."

"Ka ji ƙarar nan tun ranar farko, ko?"

"Na ji."

"Na san ka ji."

Na ji kunya irin wadda ban taɓa ji ba tun da na girma, kuma ban tashi daga kujerar ba.

Sanarwa

Marubucin wannan jagora ba shi da alhakin fasasshen gilashi, ko reshen da ya tsage, ko matar da ta daina yi wa mijinta magana a teburin abinci. Ba shi da alhakin injin da har yau yake rataye a bishiyar Hollis, tsuntsaye sun yi sheƙa a ciki. Ba shi da alhakin cewa Mama Opal ta hau dutsen a watan Oktoba, a doguwar baƙar motar masu jana'iza, wadda injinta bai ba kowa wahala ba.

Haka kuma ba ruwan kowa da sabon famfon ruwa da ke kan kantar garejin marubucin, cikin kwalinsa, wanda ya je gari ya sayo a ranar da ya fara jin ƙarar. Ba a tambaye shi ba. Duk mai ƙorafi ya tako da ƙafarsa ya zo ya faɗa, ina nan a baranda.