Fataw da Abokinsa Bajamushe

Sunan Bajamushen nan mai tsara kiɗa ya kuɓuce mini, kada ka tambaye ni. Shekarar da abin ya faru ma ban riƙe ba. Amma cika bakin Fataw yana nan daram, don da kunnena na ji, a ƙofar masallacinmu na unguwar Bronx.

"Kiɗan Jamus? Malam, a tushensa na sha shi! Wata uku na yi a Hambug!"

Fataw ɗan zangon Kumasi ne, yana sayar da huluna da cajar waya a Fordham Road. Wata ukun gaskiya ne, sai dai a bayan gidan abinci ya yi su, yana wanke kwanuka. Muna ce masa Sarkin Hambug, yana amsawa da ɗaga hannu.

Abin da ya jawo maganar, Hajiya Rafia ce, bazawara mai aikin kula da tsofaffi, wadda ya shekara yana nema. Ta faɗa masa ba za ta auri wanda 'yarta Amal ba ta yarda da shi ba. Ita kuwa Amal gogen Turawa take yi, wanda ake saƙalawa ƙarƙashin haɓa, kuma ranar Lahadi makarantarsu za ta yi kiɗan wannan Bajamushe. Aka gayyace ni, na bi su.

A jirgin ƙasa Amal ta nuna mana hoton mutumin a jikin wata takarda, ta ce da Turanci wai kurma ne, kiɗan da ya tsara a ƙarshen rayuwarsa bai taɓa jin sa da kunne ba.

Fataw ya fizge takardar. "Kai! Mutumina! Har yanzu bai yi aski ba? Tare muke shan shayi. Sai ka yi masa ihu a kunne yake miƙo sukari."

Amal ta buɗe baki, uwar ta tsunkule ta. Ba a ƙaryata babba.

Muka tarar da zauren kiɗan shiru, kamar ana jiran huɗuba. Sarkin Hambug ya yi sallama da ƙarfi, babbar rigarsa ta kwashe tabarau daga hancin wata tsohuwa. Aka fara. Kiɗa ne mai kyau, aboki. Yakan yi ƙasa kamar mai raɗa, sai ya taso kamar hadari.

Ashe irin wannan kiɗan kashi-kashi ne, ba a tafi sai an kai ƙarshe. Da aka ɗan tsaya, Fataw ya miƙe shi kaɗai yana tafi, raf-raf-raf. Kai ɗari biyu suka juyo.

"Zauna, Fataw," in ji Hajiya.

"Hajiya, mutanen nan rowa gare su. Yara na gumi, ba mai yin kara?"

Sai aka zo wurin da Amal za ta goga ita kaɗai. Kafin in kama gefen rigarsa, ya hau dandamali.

"Amal 'yar Rafia! Goge sai ke, saura rakiya!"

Ya shiga yi mata liƙi a goshi. Dala ɗaya ta manne, ta zame ta rufe mata ido. Yarinyar nan ba ta tsaya ba. Ta ci gaba da ka, haƙora a cije, har ta sauke. Mai gadi ya rako Fataw ƙasa a hankali, kamar ana fitar da rago daga gonar mutane. Da aka gama zaure ya ɗauki tafi, gogan naka ya juya ya rusuna.

Da ya bar ta nan, wataƙila da an daidaita. Ina! Ya nufi malamar kiɗan, wata farar dattijuwa, ya ce a fito masa da wanda ya tsara kiɗan su gaisa, ai ba a cin tuwon mutum a tafi ba a gan shi ba.

"He's dead, sir," in ji ta.

Fataw ya dafe ƙirji ya zauna daɓas. "Inna lillahi! Yaushe? Ba wanda ya bugo mini waya! Madam, ke ce mai ɗakinsa? Ya haƙuri? Ya bar yara?" Ya juyo gare ni. "Malam, sai mu je gidan gaisuwa."

Hajiya ta dubi 'yarta. "To, me kika ce?"

Amal, wadda ban taɓa jin ta yi Hausa ba, ta ɓamɓare dalar da ta maƙale a igiyar gogenta, ta miƙa masa da hannu biyu.

"Kawu, sai da safe. Mama, a'a."

Bayan kwana biyu na je laburare na duba, don kada in zalunci kowa. An haifi mutumin a Bonn, ya mutu a birnin Biyana a shekarar 1827. Kuma duk da neman da ya sha yi, bai taɓa aure ba. A nan kam, ina jin abokan juna ne.