Lambar da Banki Ya Hana Audi Faɗa

"Lafiya lau, ya hanya? Kai kuma wa ya aiko ka da hantsin nan?"

"Ƙafata ce ta aiko ni. Ubangida ba ya neman izini kafin ya shiga gidan baiwarsa. Ina kwana, 'yar gwaggo?"

"Da ban kwana ba ka gan ni? Cire takalmin nan, yanzu na share wurin."

Audi ke nan, ɗan kawuna. Ubansa da uwata ciki ɗaya suka fito, saboda haka taubashina ne, kuma tun muna yara a Zariya yake kirana baiwa, wai shi ɗan namiji ne ni 'yar mace. Yanzu duk mun haura saba'in bai daina ba. Ya yi ritaya daga tuƙin motar ma'aikata, yana zaune a Kinkinau. Ni na yi ritaya daga buga tafireta, ina Unguwar Sarki ina yin dambun nama na sayarwa.

Ranar washegarin cika-ciki ce, kuma ba ni da lokacinsa. Wata Hajiya Atika daga Fatakwal ta yi odar dambun bikin 'yarta ta wata manhajar saye da sayarwa da na yi rajista da ita. Ta biya, amma kuɗin suna zaune a manhajar, ba za su fito ba sai na haɗa ta da asusuna na banki. Musa mahauci kuwa ya ajiye mini cinyoyin sa a Rigachikun, ya ce in bai ji ni ba kafin la'asar zai sayar wa masu tsire. In naman ya tafi, cinikin ya tafi.

"Me kike tsattsaga a wayar nan kamar kaza ta sami tsaba?" in ji Audi.

"Asusun sayar da dambuna nake haɗawa da na banki. Zauna ka yi shiru, in ka iya."

Ya jawo kujera har gwiwarsa tana taɓa tabarmata. "Haɗawa kamar yaya? Tsaya tukuna. Kuɗin matar nan yanzu suna ina?"

"A manhaja."

"Ita manhajar tana ina?"

"A waya."

"To in wayar ta faɗa tukunyar dambu fa?"

"Kuɗin ba za su dahu ba. Suna hannun masu manhajar, ita wayar ƙofa ce kawai."

"Ikon Allah! To su a ina suke kwana da su? Suna da maigadi?"

"In ka gano wurin ka nemi aikin. Barci dai ka iya shi."

"Ke da kika saba da tafireta, wadda in kin buga harafi ɗaya sai an ji a Kawo, me ya kai ki wannan wahala? Ki kai wa mai POS ɗin bakin titi mana, yanzun nan ya gama miki."

"In miƙa masa wayata da katina da lambar sirrina? Sai in haɗa masa da makullin ɗakina, ya huta. Jiya ma wani ya turo mini wani shuɗin rubutu, wai in latsa a haɗa mini nan take. Na goge. Ni da kaina nake shiga manhajar, ta ƙofar da na sani."

"Ai lambar sirrin taki ko ni na san ta. Shekarar haihuwarki ce."

"Faɗe ta."

"Ta ina? Lokacin ba a fara ƙirga shekaru ba."

"Ranar sunana kana da haƙora cike da baki. Inna ta ce kai ka sace wainar baƙi."

"Ɗanɗana ta na yi, in ga ko ta dace da sunan baiwa."

Na ƙyale shi. Na zaɓi bankina, na rubuta lambar asusu, na sake dubawa da kyau. Sunana ya fito daidai. Sai manhajar ta ce banki ya tura wata lamba ta wucin gadi zuwa layin da aka buɗe asusun da shi, in rubuta ta kafin ta lalace. Na zuba wa waya ido. Shiru. Na ɗaga ta sama, na nufi taga da ita. Shiru.

Sai aljihun Audi ya yi ƙara.

Ya laluba ya zaro tsohuwar wayarsa da aka ɗaure da kyauro, ya ɗora tabarau a karan hanci. "A'a, ga banki yana gaishe ni."

"Wane banki?"

"Naki mana."

"Me bankina yake yi a aljihunka?"

"Kin manta? Shekarar da aka ce kowa ya buɗe asusun fansho, ba ni na kai ki a mota ba? An sace miki waya a kasuwa, aka ce sai da lamba, na ce a sa tawa. Ko godiya ba ki yi ba."

Na tuna. Na kuma tuna ban taɓa komawa na canza ba, don ni a kantar banki nake karɓar kuɗina, ban taɓa jiran saƙon kowa ba. Sai wani abu ya faɗo mini a rai.

"Audi. Duk saƙon da banki yake aikowa a kan asusuna, ina yake sauka?"

"Nan."

"Har na fansho?"

"Wani watan yana makara. Ni kaina abin yana damuna."

"La'ilaha illallahu! Shi ya sa duk ranar da fansho ya shigo sai in gan ka da azahar, kana sallama da murya biyu! Shekara da shekaru ina cewa hancinka ne yake jiyo ƙamshin miya tun daga Kinkinau!"

"Zumunci ne, 'yar gwaggo. Laifi ne in ya zo daidai da ranar da ake yanka kaza?"

"Kwaɗayayyen tsoho."

"Tunda maganar ta fito, akwai abin da ya hana ni barci. Watan jiya kin cire kuɗi masu kauri. Me kika saya?"

"Likkafaninka."

"Wane yadi?"

"Mai araha. Ba za ka dawo ka yi ƙorafi ba. Karanto mini lambar nan kafin ta lalace."

Ya kai wayar kusa da ido, ya motsa baki, sannan ya kife ta a ƙirji. "Ba zai yiwu ba."

"Me ba zai yiwu ba?"

"Ga shi an rubuta ƙarara. Kada ka faɗa wa kowa wannan lamba, ko da ma'aikacin banki ne. Ma'aikacin banki ma an hana shi, balle baiwa."

"Asusuna ne!"

"Wayata ce. Ni aka yi wa kashedi. Kuma ta ina na san ke ce? An ce 'yan damfara yanzu har murya suke kwaikwaya."

"Ga ni zaune a gabanka!"

"Hansai ɗin da na sani da tuni ta kawo mini abin kari. Ke tun da na zo ko ruwa."

"Wallahi Audi, in Musa ya sayar da naman nan, cinyarka zan daka in aika Fatakwal."

"Za su dawo miki da ita. Jijiya ce zalla." Ya gyara zama. "Ke ba ki san aikin da nake yi miki ba ne. Kwanaki irin wannan saƙon ya shigo, ban gama karantawa ba sai ga kira. Wani mai murya kamar mai karanta labarai, ya ce, Hajiya Hansai ce? Na ce ita ce."

"Da wannan muryar taka ta tsohuwar tirela?"

"Na ce mura nake yi. Ya ce daga banki yake, za a rufe asusuna in ban karanto masa lambar da ta shigo ba. Na ce, ɗana, riƙe layin in ɗauko tabarau. Na ajiye wayar a kan taga na tafi masallaci. Da na dawo ya gaji ya kashe. Allah ya sa katinsa ya ƙare."

Ban yi dariya ba. "Ka ce wani ya taɓa ƙofar asusuna, kai kuma ba ka faɗa mini ba?"

Ya sosa ƙeya. "In na faɗa miki, ai kin gano inda saƙon yake sauka."

"Da ranar ka bar wayar wurin caji fa? Ko jikokinka suna wasa da ita, ɗaya ya ɗauka ya karanto masa?"

Ya dubi wayar, ya dube ni, ya miƙo mini ita. "To karɓi ki duba da idonki. Ni dai ban faɗa ba."

Na duba tawa wayar. Lambar ta riga ta lalace, manhajar tana tambaya ko a sake turo wata. Da na latsa, da aikin ya ƙare nan take, Musa ya ji kuɗinsa kafin azahar. Amma da na haɗa kuɗin cinikina da asusun da makullinsa yake yawo a aljihun Audi, tsakanin Kinkinau da teburin mai shayi.

"Mayar da abarka," na ce. "Sa takalminka, banki za mu. Yau za a cire lambarka a sa tawa."

"Haba Hansai! Ga lamba a hannu ki tafi bin layi? In la'asar ta yi miki a can fa?"

"Sai in san wanda zan daka."

"To ni ta ina zan riƙa sanin halin da kike ciki?"

"Ka koma amfani da hanci."

Muka hau keke mai ƙafa uku. Layin bankin ya kai bakin ƙofa, ni kuma kowane motsi sai na dubi rana ta gilashi. Audi bai zauna ba. Ya tsare mai gadi yana tambayarsa ko kuɗin waya da kuɗin takarda ɗaki ɗaya suke kwana. Da layi ya zo kaina, ma'aikaciyar ta duba katin shaidata, ta sa na dangwala yatsa, ta rubuta sabuwar lamba, ta ce in ɗan ba canjin lokaci kafin ya kama. Audi ya leƙo ta kafaɗata.

"'Yata, ba za a iya barin layi biyu ba? Ni ne mai kula da ita."

"Baba, mijinta ne kai?"

"Allah ya kiyaye!" Tare muka faɗa.

Sai bayan azahar muka dawo gida. Na yi salla, na sake zama, na sake bin matakan tun daga farko. Na latsa. Audi ya zaro wayarsa ya riƙe a tafin hannu, ko da rabo. Tawa ce ta yi ƙara.

Ya miƙo wuya. "Nawa da nawa suka turo? In gani ko irin tawa ce."

Na kare da mayafi. "An ce kada in faɗa wa kowa. Ma'aikacin banki ma an hana shi, balle direba."

Na rubuta lambar, manhajar ta ce an haɗa.

"To jawo kuɗin duka mu gani!"

"A'a. Kaɗan zan fara turawa, in ga sun sauka inda na aike su."

Na tura kaɗan. Ba a jima ba saƙon banki ya shigo wayata, karo na farko tun da na buɗe asusun. Na karanta shi har ƙasa. Audi ya girgiza tasa wayar, ya kara a kunne, ya buga ta a cinya.

"Ta mutu," in ji shi.

"Ba ta mutu ba. Ritaya ta yi, irin taka."

Na jawo sauran, na tura wa Musa nasa, na kira shi. Ya ce wani mai tsire yana tsaye a kansa tun ɗazu, amma ya ga kuɗin, nama nawa ne, zai sa a mota. Ana kiran la'asar na ajiye wayar.

"Saura abu ɗaya," na ce. "Jiya aka yi cika-ciki. Tunda ka ce ni baiwa ce, ina kuɗin sharata?"

"Kin kore ni daga aiki kuma ki nemi kuɗin shara? Ban fito da ko sisi ba. Ke kika biya keke, kin gani."

"Ni ban taɓa ganin saƙon bankinka ba, amma na san inda asusunka yake. Cire hular."

"Wace hula?"

"Tun kana ɗan makaranta a nan kake ɓoyewa. Cire, ko in cire maka a gaban maƙwabta."

Ya dube ni, sai dariya ta ƙwace masa har da tari. Ya ɗaga hular, ya zaro takardar kuɗi sabuwa fil, a ninke, wadda ko shakka babu tun daga gida ya tanade ta.

"Karɓi. Wannan dai ba sai an turo lamba ba."

Na karɓa, na ɗaure a bakin zane. Na shiga na ƙullo masa ragowar dambun jiya a leda, don kada ya faɗi a hanya a ce ni ce.

Ya tsaya a bakin ƙofa yana sa takalmi. "To yanzu fisabilillahi yaushe zan riƙa zuwa?"

"Tsakiyar wata. Lokacin babu kaza, sai tuwo da miyar kuka."

"Tsakiyar wata! Lallai bayi sun sami 'yanci. Ba za ki gan ni ba."

Tsakiyar watan kuwa sai ga shi da azahar, wai wucewa yake yi. Ya cinye tuwon, ya ce miyar ba gishiri, ya miƙo kwano a ƙara masa.